Tambayoyi da Amsoshi kan Bin Sawun Balan-balan Mai Lulawa Sama da Rediyon Sha'awa a Sakkwato

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da malaman kimiyya da masu gyaran rediyo suka fi yi idan aka ɗauko maganar sakin balan-balan zuwa ƙololuwar sama da nemo shi bayan ya faɗo, ta hanyar rediyon sha'awa, wato rediyon da masu lasisi ke watsawa da sauraro don sha'awa da koyo, ba don kasuwanci ba. An gina amsoshin ne bisa yanayin Sakkwato da kewayenta, domin tsarin da ke aiki a Ingila ko Amurka, inda masu sauraro suke birjik, ba lallai ne ya yi aiki a nan ba.

Wane irin balan-balan ake nufi, kuma ina yake kaiwa?

Ba irin na bikin suna ba ne. Babban balan-balan ne na roba irin wanda masu hasashen yanayi ke amfani da shi, nauyinsa kafin a hura shi yakan kama daga giram 600 zuwa kilo 2. Ana cika shi da iskar hiliyom ko haidurojin, a ɗaura masa laimar sauka, a ƙarƙashin laimar kuma a rataye akwatin kaya mai ɗauke da na'urar GPS da ƙaramin rediyo da batir, sau da yawa har da kyamara. Yana hawa da gudun kusan mita 5 a daƙiƙa, saboda haka cikin minti 100 ko makamancin haka yakan kai tsayin kilomita 30, wato kusan ninki uku na inda jiragen fasinja ke bi. A can matsin iska bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na wanda muke da shi a ƙasa ba, shi ya sa balan-balan ɗin da ya tashi da faɗin mita biyu yake ta kumbura har ya kai mita takwas ko goma, sannan ya fashe. Daga nan kayan su dawo a ƙarƙashin laima. Tafiyar gaba ɗaya awa biyu ce zuwa uku.

A Amurka ana ƙirga farkon wannan sha'awa daga ranar 15 ga Agusta 1987, lokacin da Bill Brown, mai lambar kira WB8ELK (lambar da ake gane mai lasisin rediyo da ita), ya saki balan-balan mai ɗauke da rediyo a jihar Ohayo.

Me ya sa sai rediyo? Ba za a sa wayar salula a cikin akwatin ba?

Turakun sadarwar waya an saita eriyoyinsu su kalli ƙasa, inda mutane suke, don haka da balan-balan ya ɗan yi sama wayar za ta rasa layi, ba kuma za ta sake samu ba sai ta kusa faɗowa, in ma akwai layin a wurin. Duk wanda ya taɓa barin kwalta ya shiga ƙauyukan Gudu ko Tangaza ya san yadda layi yake ɗaukewa, kuma a 2021 an rufe layukan waya ɗungurungum a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato saboda matsalar tsaro. Rediyo ba ya jiran kowa: daga akwatin kai tsaye zuwa kunnen mai sauraro.

Tsayin kansa kuma gata ne. Daga kilomita 30 a sama, ba dutse ba gini tsakanin balan-balan da mai sauraro har tazarar da ta haura kilomita 600. Ma'ana, balan-balan da ke saman Sakkwato ana iya jin sa a Kano da Yamai da Abuja a lokaci guda, kuma da ƙarfin da bai wuce miliwat 10 ba ana iya ɗaukar saƙonsa daga nisan ɗaruruwan kilomita. Na'urar bin sawu mai amfani da layin waya ko tauraron ɗan'adam tana da amfani a matsayin ta biyu, amma kada ta zama ita kaɗai.

Ta wace hanya ake aiko da bayanin wurin da yake?

Hanyar da ta fi shahara ita ce APRS, wadda marigayi Bob Bruninga, WB4APR, ya ƙirƙira. Rediyon yakan aiko da gajeren saƙo mai ɗauke da lambar kira da wurin da yake da tsayinsa, galibi sau ɗaya a minti. A Arewacin Amurka ana amfani da mitar rediyo ta 144.390 MHz, a Turai da yawancin yankin da Afirka ke ciki kuma 144.800 MHz. Wannan bambanci yana cin mutane: na'urar da aka sayo daga Amurka takan zo a saite kan ta farkon. Al'ada ce a ƙara -11 a ƙarshen lambar kira don a gane abin yana sama ne, kuma ana ganin sawun a taswirar shafin aprs.fi.

Hanya ta biyu ita ce a zangon 434 MHz, inda ake amfani da tsohon tsarin RTTY, ko LoRa, ko Horus Binary wanda 'yan rediyon birnin Adaled na Ostareliya suka samar. Waɗannan sun fi APRS jure raunin sigina, kuma sukan aiko da bayani duk bayan daƙiƙoƙi kaɗan, abin da ke da matuƙar amfani a mintin ƙarshe na saukowa. Eriyarsu ma gajeriya ce, kusan santimita 17, alhali ta 144 MHz tana kaiwa rabin mita. Ana tattara bayanansu a shafin SondeHub. Ga wanda zai fara a Sakkwato, mun fi ba da shawarar wannan hanya ta biyu ta zama babba, saboda dalilin da ke cikin amsa ta gaba.

Wa zai ji siginar a nan?

Kai ne da abokan aikinka. Ƙarfin APRS a Turai ya dogara ne kan ɗimbin tashoshin gida da ke sauraro dare da rana suna tura abin da suka ji zuwa intanet, ta yadda mai balan-balan zai iya buɗe waya kawai ya ga inda kayansa suke. A yankinmu ba a dogara da wannan. Wanda ya saki balan-balan yana zaton taswirar intanet za ta nuna masa hanya, alhali bai kafa tashar sauraro ko ɗaya ba, ya yi sadaka da kayansa ga daji.

Mafi ƙarancin tsari shi ne tashoshi biyu. Ɗaya a kafe a wuri mai tsayi cikin gari, kamar saman bene ko kan tankin ruwa, da eriya mai saiti da kwamfuta da batir ko sola, domin wutar lantarki na iya ɗaukewa a daidai lokacin da ake bukatarta. Ɗayar kuma a cikin motar da za ta bi sawu, da eriya mai maganaɗisu a kan rufi. Kayan sauraron ba su da tsada sosai: ƙaramar na'urar RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta tana kama duka zangunan biyu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne motar ta iya fassara saƙon da kanta, kuma taswirar yankin ta kasance an sauke ta a waya tun daga gida, ta yadda rashin intanet ba zai tsayar da aiki ba.

Akwai wani abu da ke tsorata sababbin shiga: idan motar tana daidai ƙarƙashin balan-balan, sigina takan yi rauni. Ba lalacewa ba ce. Eriyar da ke rataye a tsaye ba ta watsa komai sosai zuwa ƙasa kai tsaye, sai gefe-gefe.

An ce GPS yana daina aiki a sama. Gaskiya ne?

Wasu suna dainawa. Akwai tsohuwar ƙa'ida da aka gindaya wa na'urorin GPS na farar hula don kada a yi amfani da su a makami mai linzami: iyakar tsayi kilomita 18 da iyakar gudu kusan mita 515 a daƙiƙa. Wasu kamfanoni suna kashe na'urar idan an ketare iyaka ɗaya kawai, wasu kuma sai an ketare duka biyun. Na'urorin GPS na kamfanin u-blox, waɗanda masu wannan aiki suka fi so, suna kaiwa kilomita 50, amma sai an saita su kan yanayin jirgin sama. In aka bar su yadda suka zo, a wajen kilomita 12 za su daina ba da lissafi mai kyau. A tabbatar manhajar na'urar da ke cikin akwatin tana yin wannan saitin duk lokacin da aka kunna.

Ga zafin Sakkwato, ina ruwanmu da sanyi?

Abin mamaki shi ne saman ƙasashe masu zafi ya fi na Turai sanyi. A yankinmu iska tana ci gaba da yin sanyi har zuwa tsayin kilomita 16 ko 17, inda ma'auni ke kusantar digiri 80 ƙasa da sifili. Akwatin da aka ɗaure a watan Afrilu cikin zafin da ya haura digiri 40 zai shiga wannan sanyin kafin awa ɗaya ta cika. Batir na kanti ba ya jurewa. Ana amfani da na litiyom irin Energizer Ultimate Lithium, wanda aka yi shi ya yi aiki har digiri 40 ƙasa da sifili, a kuma sa komai cikin akwatin farar kumfa irin wadda ake naɗe talabijin da ita. Sanyi yana kuma gusar da mitar rediyon kaɗan, don haka mai sauraro ya riƙa bin ta. Kafin ranar tashi, a kwana da na'urar a cikin firiza tana aiki, a ga abin da zai faru.

Yaya ake sanin inda zai faɗo tun kafin a sake shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin a ranar da aka zaɓi lokacin tashi ake samun kayan ko a rasa su. Akwai manhajar hasashe da ɗaliban Jami'ar Kambirij suka fara ginawa, wadda yanzu ake samu a SondeHub. Ana ba ta wurin tashi da lokaci da gudun hawa da tsayin da ake sa ran fashewa da gudun sauka, ita kuma ta ɗauko hasashen iska na hukumar yanayi ta Amurka, wanda ake sabuntawa duk awa shida, ta zana hanyar a taswira. A fara dubawa kwana biyar kafin ranar, a sake dubawa kullum, a kuma duba na ƙarshe da asubahin ranar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna tafiyar da iskar da ake ji a fuska. Sama hawa-hawa ce, kowane hawa da tasa iskar. Da hunturu iskar ƙasa daga arewa maso gabas take zuwa da ƙura, amma a can sama, wajen kilomita 10 zuwa 14, iska mai ƙarfi daga yamma take busowa, saboda haka balan-balan yakan fara gangarawa ta wajen Kabi sannan ya juya ya miƙa gabas. Da damina abin yakan juye: akwai iskar gabas mai ƙarfi a tsayin kilomita 3 zuwa 4, da wata a wajen kilomita 12 zuwa 15, dukansu suna tura shi yamma. Sama da kilomita 20 kuma akwai iskar da ke sauya alkibla tsakanin gabas da yamma kusan duk wata 28 a zagaye guda. A lokutan sauyin yanayi, wato ƙarshen bazara da farkon kaka, iskar saman takan lafa, tafiyar kuma ta gajarta.

Mai balan-balan yana da abu ɗaya a hannunsa: yawan iskar da ya hura. Idan ya ƙara ta, balan-balan zai hau da sauri ya fashe da wuri, bai yi nisa ba. Idan ya rage don tsimi, hawan zai yi jinkiri, iska ta kwashe shi nesa, wani lokaci ma ya ƙi fashewa ya yi ta shawagi har batir ya mutu. Shi ya sa ake auna ƙarfin ɗagawar da sikeli ko da jarkar ruwa mai sanannen nauyi, ba a yin ta da ido.

Idan hasashen ya nuna zai faɗa Nijar ko wurin da babu tsaro fa?

A fasa, a jira wata rana. Illela ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, daga can kuma sai Birnin Ƙonni, alhali balan-balan na iya yin wannan nisan cikin sauƙi a ranar da iskar sama ke da ƙarfi. Lasisin rediyon Najeriya, mai lambar kira da ke farawa da 5N, ba ya ba da izinin watsa sigina a Nijar, ƙasar da lambarta ke farawa da 5U, balle a tsallaka iyaka da eriya da kyamara ana neman akwati a gonar mutane. Haka nan dazuzzukan gabashin jiha ta wajen Isa da Sabon Birni da iyakar Zamfara, da na arewa maso yamma ta Tangaza da Gudu, ba wuraren bin sawu ba ne a halin da ake ciki. Dabarar da ta fi dacewa ita ce a fara zaɓar inda ake so ya sauka, sannan a koma baya a nemo wurin tashin da zai kai shi can, ko da hakan na nufin a ɗauki tukunyar iskar a mota zuwa wani gari. A kuma yarda tun farko cewa idan ya karkace ya faɗa inda bai kamata ba, an bar shi ke nan.

Wane izini ake bukata?

Iri uku ne. Na farko lasisin rediyon sha'awa daga hukumomin sadarwa na tarayya, kuma ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS, ita ce ƙofar da ta fi sauƙin bi wajen sanin matakan. Dokar wannan rediyo a duniya ta hana ɓoye ma'anar saƙo da kuma amfani da shi don kasuwanci. Na biyu izinin sararin sama: hukumar NCAA ce ke kula da dokokin jiragen sama, NAMA kuma ita ke tafiyar da zirga-zirgarsu da fitar da sanarwar gargaɗi ga matuƙa. A ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, balan-balan da kayansa ba su kai kilo 4 ba yana cikin rukuni mara nauyi, muddin ya cika sauran sharuɗɗa, ciki har da cewa igiyarsa ta zama mai saurin tsinkewa. Rashin nauyi bai ɗauke wajibcin sanarwa ba, musamman da yake Filin Jirgin Sama na Sultan Abubakar III yana kusa da gari. Lokacin jigilar alhazai kuwa a haƙura kawai. Na uku sanar da jami'an tsaro a rubuce. Mutanen da aka gani a bayan gari da oba-oba da eriya suna nuna daji za su sha tambayoyi, kuma takardar makaranta ko jami'a mai hatimi ta fi dogon bayani amfani a shingen bincike.

Sigina ta ɗauke yana gab da sauka. Yaya za a yi?

Haka yake faruwa kusan kullum. Bayan fashewa kayan kan faɗo da gudu mai tsanani saboda iskar sama ba ta da kaurin da za ta riƙe laima, sannan su riƙa rage gudu har su iso ƙasa da kusan mita 5 a daƙiƙa. Suna yin ƙasa, nisan da ake jin su yana raguwa, kuma da zarar eriyar ta kwanta a rairayi, siginar da aka ji daga Kano ba za a ji ta ba sai an matso kilomita ɗaya ko biyu. Saboda haka motar bin sawu ta tashi tun kafin a saki balan-balan, ta jira a kusa da inda aka yi hasashe, domin ta kama saƙon ƙarshe a mafi ƙarancin tsayi.

A rubuta wannan saƙon a takarda nan take, da tsayinsa da alkiblar da kayan ke bi. A kula da yadda aka rubuta lambobin: APRS yana amfani da digiri da minti, taswirar waya kuma da digiri da ɗigo. Digiri 13 da minti 30 daidai yake da 13.50, kuma wanda ya shigar da shi a matsayin 13.30 ya kauce da kusan kilomita 22. Idan an isa yankin, a hau tudu ko rufin mota a ɗaga eriya. Sau da yawa saƙo ɗaya cikakke zai shigo ya ba da ainihin wurin. In GPS ɗin ya mutu amma rediyon na aiki, sai a koma farauta da eriyar Yagi mai kama sigina daga ɓangaren da aka saita ta, wadda ake iya haɗawa da tef ɗin awo na ƙarfe da bututun roba: a juya ta a hankali a gano inda ƙarar ta fi ƙarfi, a ja layi a taswira, a matsa gefe a sake ja, inda layukan suka haɗu nan za a nufa. Idan an matso sosai ƙarar takan cika ko'ina, sai a ɗan kauce daga mitar don a rage ta.

Ƙasar ma tana da nata hukunci. A watan Satumba gero da dawa sun fi mutum tsayi, ana iya wuce akwatin da taku biyar ba a gan shi ba, don haka a sa masa ƙaramar ƙararrawa da launi mai ɗaukar ido. Fadamun Rima da gonakin shinkafa na Wurno suna jiƙa kaya, jigawa tana kafe mota, inda kwalta ta ƙare kuma ɗan kabu-kabun garin ya fi kowace taswira sanin hanya. A tafi da doguwar gora saboda kayan na iya maƙalewa a kan gawo ko giginya.

Idan wani ya riga mu tsinta fa?

Mai yiwuwa ne ƙwarai, domin makiyayi ko manomi yakan ga laimar tun tana sama. Abin da ya faɗo daga sama da waya da fitila yana iya tayar da hankalin gari, don haka a manna takarda a jikin akwatin da Hausar boko da ajami da Turanci da Faransanci, mai cewa kayan binciken ɗalibai ne, ba su da haɗari, ga lambar waya, akwai kuma tukwici. Idan an isa garin, kada a faɗa gonar kowa kai tsaye. A fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko hakimi, in abin ya girma a kai ga uban ƙasa, a nuna takardu, a nemi ɗan rakiya. In an taka shuka a biya, a kwashe ragowar robar gaba ɗaya saboda awaki da shanu kan haɗiye ta, a kuma nuna wa wanda ya tsinta hotunan da kyamarar ta ɗauko.

Hiliyom ko haidurojin?

Hiliyom ba ya kamawa da wuta, amma yana da tsada, kuma wanda masu kayan biki ke sayarwa wani lokaci a gauraye yake da iska. Haidurojin ya fi araha ya kuma fi ɗagawa kaɗan, sai dai yana kamawa da wuta idan ya gauraya da iska daga kashi 4 har zuwa kashi 75 cikin ɗari, kuma bushewar hunturu tana haifar da tartsatsi a jikin roba da tufafi. In da ɗalibai a wurin, hiliyom za a yi amfani da shi.

Za a iya koyon aikin ba tare da an saki balan-balan ba?

Ƙwarai kuwa, kuma da nan ya kamata a fara. Tashoshin yanayi a faɗin duniya suna sakin nasu balan-balan sau biyu a rana, daidai da wajen ƙarfe ɗaya na dare da ɗaya na rana agogon Najeriya, na'urorinsu kuma suna watsawa tsakanin 400 da 406 MHz. Yamai tana cikin tsofaffin tashoshin da ke wannan aiki, kuma tazararta da Sakkwato ba ta kai kilomita 400 ba, saboda haka idan nata ya yi sama sosai ana iya kama shi da RTL-SDR da eriya mai kyau. Sannan akwai atisayen ƙasa: mutum ɗaya mai lasisi ya ɓoye ƙaramin rediyo a filin makaranta, sauran su nemo shi da Yagi cikin ƙayyadadden lokaci. Ƙungiyar da ta kasa gano rediyo a bayan ajujuwa ba ta shirya shiga gonar dawa ba.

Akwai irin da ba a bin sa da mota?

Akwai ƙananan da ake kira piko, waɗanda kayansu ba su wuce giram 10 zuwa 20 ba. Ba a yi su don su fashe ba. Sukan tsaya a wajen kilomita 12 su bi iska makonni ko watanni, suna aiki da hasken rana, da dare kuma su yi shiru. Yawancinsu suna amfani da tsarin WSPR, wanda Joe Taylor, K1JT, mai lambar yabo ta Nobel a kimiyyar fiziks ta 1993, ya fitar a 2008, kuma a gajeren zango na mita 20 ana jin su daga dubban kilomita. A 2014 wanda Leo Bodnar ya saki daga Ingila ya zagaye duniya. Irin wannan ba a sa ran dawowarsa, kuma tun da yana ratsa ƙasashe, ana saita shi ya yi shiru a saman waɗanda suka hana watsa rediyon sha'awa daga sama. Tashar WSPR guda a Sakkwato, ko da ta sauraro ce kawai, za ta riƙa kama waɗanda ke ratsa saman Sahara tana tura rahotonsu ga masu su.